Katakon yankan daji: abin da dokar Gana ta ce, da inda take matse mu

Makon jiya na raka wani maƙwabcina a Aboabo zuwa kasuwar katako ta Sokoban da ke Kumasi, zai sayi katakon bishiyar wawa da na ofram don rufin ɗaki. Mai shagon ya nuna mana tari biyu. Na farko sumul, kaurinsa ɗaya daga kai har gindi. Na biyun kuwa jikinsa duk sawun haƙoran inji ne, wani gefen ya fi wani kauri, amma kuɗinsa ya fi sauƙi. Maƙwabcin nawa ya ce, "Alhaji, me ya raba su?" Mai shagon ya rage murya ya ce, "Wancan na faktori ne, wannan yankan daji ne."

To, wannan yankan dajin shi doka ta hana. Tun 1998, ƙa'idojin da aka fi sani da L.I. 1649 suka haramta a yi amfani da injin zarto na hannu a tsaga gungume ya zama katakon sayarwa. Mallakar injin ba laifi ba ne, amma sai ka yi masa rajista a majalisar gunduma. Kuma haramcin bai tsaya kan mai yanka ba, ya haɗa da mai saye da mai sayarwa. In jami'an Hukumar Gandun Daji suka tare mota a hanya babu takardar da ke nuna asalin kayan, suna iya kama katakon da motar, magana ta kai kotu. An sabunta ƙa'idojin a 2017 da L.I. 2254, haramcin yana nan.

Wa ke da izinin sara ke nan? Doka mai lamba 547 ta 1997 ta ce sai kamfanin da ya samu kwangilar amfani da katako daga gwamnati, kuma majalisar dokoki ta amince da ita. Kamfanin zai biya kuɗi a kan kowace bishiyar da ya kayar, gwargwadon irinta da girmanta. Kuɗin bishiyar odum ba ɗaya yake da na wawa ba. Sannan dole ya ƙulla yarjejeniya da mutanen yankin, ya yi musu aiki kamar rijiya ko gyaran makaranta, wanda ya kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin bishiyoyin.

Yadda ake raba kuɗin nan shi ne inda gizo ke saƙa. Hukumar Gandun Daji tana cire kasonta. Abin da ya rage, tsarin mulkin 1992 ya ce a ba ofishin kula da filayen sarauta kashi 10, sauran kuma a kasa shi uku: kashi 25 ga kujerar sarauta, 20 ga majalisar gargajiya, 55 ga majalisar gunduma. Duba da kyau, ina sunan manomi? Babu. Tun dokar 1962, duk bishiyar katako da ta fito da kanta tana hannun shugaban ƙasa ne a matsayin amana, ko da a tsakiyar gonar kokonka take. Kai ka share gindinta shekara ashirin, kai ka kare ta daga gobara, amma ran da za a sare ta, haƙƙinka bai wuce a nemi amincewarka a rubuce ba, da diyyar kokon da ta faɗa wa. Wannan a ganina rashin adalci ne, kuma shi ke ciyar da yankan daji. Mai inji zai zo da dare ya damƙa wa manomi sidi, kuɗin Gana, a hannu, kamfani kuwa sai ya bar masa gona a tattake. Wasu manoman ma tun bishiya tana ƙarama suke kashe ta don su huta.

Gyaran 2002, wato doka mai lamba 617, ya buɗe ƙofa ɗaya: bishiyar da ka dasa da hannunka taka ce, ba a ba wani izinin sare ta. 'Yan'uwanmu masu gonaki a wajen Techiman da Ejura da ke dasa bishiyar katako ta tik, su je ofishin gandun daji na gunduma su yi wa bishiyoyinsu rajista tun yanzu, don ran sara kada a ce musu da kansu suka fito.

Ba na ɗora wa kafintocinmu laifin duka. Manyan faktori sun fi son sayar da katako mai kyau zuwa Turai da Asiya, inda kuɗi yake, abin da ke isowa kasuwar gida bai isa ba. Shi ya sa yawancin katakon da ake gini da shi a Kumasi da Accra yankan daji ne, duk da haramcin.

Maƙwabcina dai ya ɗauki na faktori, ya rage yawa, ya ce a rubuta masa rasit da sunan shago kafin a ɗora a mota.