Shin inji na gane magana? Gardamar nan ta girmi ChatGPT nesa ba kusa ba

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 jama'a suka kasu biyu, wasu na cewa shikenan inji ya gane yare, malaman nahawu su tattara littattafansu, wasu kuma na cewa ba abin da ya gane, canka kawai yake yi wace kalma ce za ta biyo bayan wata. Har masanin harshe Noam Chomsky da abokansa biyu sai da suka yi rubutu a New York Times a watan Maris na 2023 suna tare da ɓangare na biyu. Sai ka ɗauka jiya aka fara, alhali abin ya daɗe.

Farkon labarin kusan kowa ya ji shi. Panini a Indiya, ɗaruruwan shekaru kafin Annabi Isa (AS), ya tsara harshen Sanskrit cikin dokoki kusan 4,000. Sibawaihi na Basra ya yi wa Larabci nasa aikin a ƙarni na 8, duk wanda ya zauna gaban malam ya biya Ajurrumiyya ya ɗanɗani ɗan abin da ya biyo bayan wannan aikin. Frege na Jamus ya fito da sabon mantiƙi mai alamomi a 1879, sai Chomsky a 1957 ya nuna dokoki ƙalilan na iya haifar da jimloli marasa iyaka. To amma ma'ana fa? Masu nahawu sun fi maida hankali kan ginin jimla, masu mantiƙi kuma suna ganin maganar ɗan Adam ta cika harshen damo, ba za ta shiga lissafi ba.

Nan ne wajen da ake tsallakewa, kuma ni a ganina nan ne jijiyar maganar. A 1970 wani masanin mantiƙi a jami'ar UCLA ta Amurka, Richard Montague, ɗalibin Alfred Tarski, ya fito ya ce shi bai ga wani muhimmin bambanci ba tsakanin yaren mutane da yaren alamomi na masu mantiƙi, kuma bai tsaya a faɗa ba, ya ɗauki wani yanki na Ingilishi ya gwada. Tsarinsa shi ne, duk dokar da ta haɗa kalmomi biyu dole a samu wata dokar a gefenta da ke haɗa ma'anoninsu, ta yadda ma'anar jimla za ta fito daga ma'anar sassanta da yadda aka jera su, kuma sanin ma'anar jimla shi ne sanin yanayin da za ta zama gaskiya.

Duba da Hausa. In aka ce "Audu ya samu mai gyaran rediyo", lallai akwai mai gyaran, ba makawa. In kuma aka ce "Audu yana neman mai gyaran rediyo", jimlar na iya zama gaskiya ko da babu mai gyara ko ɗaya a garin. Gininsu kusan iri ɗaya ne amma abin da suka lizimta daban. Ko a ce "kowane ɗalibi ya karanta littafi ɗaya", littafi guda ne dukansu suka karanta ko kowa da nasa? Yaro ɗan firamare ma yana jin wannan bambancin a ransa, abin da Montague ya yi shi ne ya rubuta shi da lissafi, mataki mataki, yadda wani zai bi ya duba ya ce daidai ne ko kuskure, ya yi amfani da lissafin lamda, wani tsarin alamomi na masanin mantiƙi Alonzo Church.

Allah bai ba shi tsawon rai ba. An kashe shi a gidansa a Los Angeles a watan Maris na 1971 yana da shekara 40, maƙalarsa da ta fi shahara ma sai a 1973 aka buga ta. Rubutunsa kuwa akwai tsauri, ba kowane masanin harshe ke iya karanta shi ba, kuma shi da mabiyan Chomsky ba sa wani ga-maciji a ilmance. Barbara Partee ce, wadda ta yi digirinta na uku a jami'ar MIT ƙarƙashin Chomsky sannan ta zauna a darasin Montague a UCLA, ta ɗauki nauyin warware wa masana harshe wannan aikin da haɗa shi da nahawunsu, wallahi ba don ita ba da wuya fannin ya tsaya da ƙafarsa. Daga baya Hans Kamp a 1981 da Irene Heim a 1982 suka faɗaɗa shi saboda jimloli irin "duk manomin da ke da jaki yana dukansa", inda aka rasa yadda za a ce wane jakin ake nufi.

Sai hanya ta rabu. A ƙarshen shekarun 1980 masu binciken kamfanin kwamfuta na IBM suka ɗauki bayanan zaman majalisar Kanada, da ake rubutawa da Ingilishi da Faransanci, suka koya wa kwamfuta fassara ta hanyar ƙirga yawan haɗuwar kalmomi, ba da dokokin nahawu ba, kuma abin ya yi aiki. Daga nan zuwa fasahar transfoma ta 2017, wadda a kanta aka gina ChatGPT, layi ɗaya ne. Injiniyoyi suka bi abin da ke ba da sakamako, masu lissafin ma'ana suka ci gaba a sassan jami'a, tattaunawa tsakaninsu ta yi ƙaranci, shi ya sa yau kowa ke ihun "ya gane" ko "bai gane ba" ba tare da ya faɗi ma'aunin da ya auna da shi ba.

Ma'aunin kuwa akwai shi. A 1996 wasu masana a Turai sun haɗa gwajin FraCaS mai tambayoyi 346, a ba ka jimla ko jimloli a tambaye ka shin kaza ya lizimtu daga gare su, eh ko a'a ko ba a sani ba, kuma har yanzu ana gwada injuna da shi. Irinsa nake so in ga malamanmu na sassan Hausa sun zauna sun haɗa, da jimlolinmu masu "kowane" da "wasu" da "sai dai" da "ko da", a ɗora wa injunan nan a ga inda za su tsaya.