Kuɗin dusa ne, ba na ƙarin garke ba

Makon jiya aka sake kirana wata ruga a arewacin Dakoro ta ƙasar Nijar, saniya ta kwanta ta ƙi tashi. Na tarar mutum huɗu sun zura mata sanda ta ƙarƙashin ciki, ɗaya yana jan wutsiya, da an sake ta sai ta zube. Haƙarƙarinta daga nesa kana ƙirga su. Gefe guda kuma ga sabuwar karsana a turke, igiyar kara ma ba a kwance mata ba. Da na tambaya sai mai garken ya sunkuyar da kai: da kuɗin tallafi ya saye ta, wai ya samu arha.

Haba Malam! Arhar me? Wanda ya sayar maka ba wawa ba ne, ya ga ba shi da abin ba ta, ya sauke maka nauyinsa. Shanu goma ba su ƙoshi ba, ka ƙaro baki na goma sha ɗaya.

'Yan'uwana makiyaya, cikinku na tashi, na san zafin ganin garke yana raguwa, na san kunyar a ce wane ya koma baya. Amma tallafin da gwamnati ke bayarwa idan ciyawa ta yi ƙaranci, ko kuɗi ne a hannu ko buhun dusar alkama da angurya a farashi mai rahusa, don waɗanda suka rage ne su kai damina da ƙafafunsu. Ba don a koma kara ba. Dattawanku sun ga farin 1984. Ku da kanku kun ga 2010, lokacin da mushe ya cika dajin Gadabeji har wari ya hana wucewa. Kuma kun sani, saniyar da ta rame ba lalle bazara ce ke kashe ta ba, ruwan farko ne: sanyi ya buge ta, ta kwanta a laka, shi ke nan.

Duk da haka kowace shekara maganar ɗaya. Kuɗi su sauka yau, ranar kasuwa in gan ku bayan dillali kuna taɓa ƙugun maraƙi. Wallahi na gaji da faɗa.

To ga shi a gurguje: a sayi dusa, angurya da harawa tun farashi bai tashi ba, a fara da masu ciki da masu shayarwa, a ba da maganin tsutsa, kada su ci tsutsa ta cinye, a ajiye gishirin lasa, tsofaffi da marasa ƙarfi a sayar tun suna da nama, kuɗin ya shiga abincin sauran. Ardo, don Allah ka maimaita wannan a bakin rijiya, sun fi jin taka.

Saniyar nan kuwa ba ta tashi ba, washegari aka kira mahauci. Karsanar tana nan a turke, ita ma ta fara nuna ƙashi.