Me ya sa jerin bayit ba ya tafiya sai da tsawonsa a yaren C?

Na tura jerin bayit 64 cikin fankshin (wani yanki na shiri da ake kira ya yi aiki guda), na auna shi da sizeof, mai faɗin girman abu a bayit, a can ciki, sai ya ba ni 8. Ina sauran suka shiga?

Suna nan daram. C ba ya ɗaukar jeri ɗungurungum ya miƙa wa fankshin, adireshin bayit na farko kawai yake bayarwa. Takwas ɗin da ka gani girman adireshin ne a kwamfuta mai bit 64, da mai bit 32 ce da 4 za ka gani. Ko ka rubuta buf[64] a ƙofar fankshin, kwamfaila, mai fassara shirinka zuwa yaren na'ura, a matsayin fointa, wato adireshi, take ɗaukarsa. Tamkar ka nuna wa ɗan ƙwadago bakin gona ne ka ce ya fara noma, ba ka nuna masa iyaka ba. Shi ya sa ake tura tsawon daban tare da adireshin, a rubuta:

void aika(const unsigned char *buf, size_t tsawo);

A wurin da aka ƙirƙiri jerin kuma a kira aika(buf, sizeof buf), domin a can ne sizeof ke faɗin gaskiya.

To, ba sai in yi amfani da strlen ba?

Ina! Don rubutu aka yi strlen, ƙirga yake har ya ci karo da sifiri ya tsaya. Ba shi 0x41, 0x00, 0x42, zai ce maka 1, alhali bayit uku ne. Hoto da sauti da saƙon intanet cike suke da sifiri a tsakiya. In kuwa babu sifirin ko ɗaya, sai ya zarce cikin memorin da ba naka ba.

Wane tsawo zan tura: girman mazubin, wato jerin da ake zuba bayit a ciki, ko abin da ke ciki?

Nan ne ƙwararru ma ke tuntuɓe. In fankshin zai zuba maka, faɗa masa girman mazubin. In zai karanta, faɗa masa abin da aka zuba. Ka kira read, fankshin mai karanto bayanai, da mazubi mai bayit 1024, ya dawo da 300, to 300 za ka miƙa gaba. Kuma ka duba ko -1, alamar kuskure, ya dawo da shi, domin in ya faɗa cikin size_t, nau'in lambar tsawo da ba ya sauka ƙasa da sifiri, sai ya rikiɗe ya zama lamba mai girman gaske.

Kuskuren tsawo ya taɓa jawo ɓarna a zahiri?

Ƙwarai kuwa. Heartbleed, ɓarakar da aka bankaɗo a OpenSSL, manhajar sirranta saƙonnin intanet, a Afrilun 2014, daga nan ta fito. Mai aiko saƙo zai turo ƴan bayit kaɗan, ya ce tsawonsu ya kai kusan kilobayit 64. Sabar, wato kwamfutar da ke amsa saƙon, ba ta tantance ba, sai ta kwafi iya abin da aka faɗa mata da memcpy, fankshin kwafar memori, ta mayar masa, har da kalmomin sirrin mutane da ke maƙwabtaka a memori.

Sababbin yaruka fa?

Go da Rust sun ɗaure adireshi da tsawo wuri ɗaya, C++20 ma ya kawo std::span mai yin haka. A C sai ka haɗa su da kanka cikin struct, wato ƙunshin bayanai. Amma ranar da za ka kira fankshin na C daga Rust, dole ka sake raba su biyu.