Cefanar da dandali a ƙananan garuruwan Bauchi da Gombe

Dandali shi ne filin da ke tsakiyar gari ko unguwa, galibi a ƙofar fada ko kusa da masallacin Juma'a, wanda kowa ke da ikon shiga ba tare da neman izini ba. A nan ake hawan sallah, da kokawa da dambe bayan kaka, 'yan mata kuma su yi gaɗa a farin wata. Cefanar da shi na nufin komawarsa hannun mutum ɗaya ko kamfani, a yanka shi fuloti-fuloti, ko a jera masa shagunan haya, ko a kewaye shi da katanga a riƙa karɓar kuɗin ƙofa.

Asali

A da, sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa ne ke riƙe da ƙasa amana, kuma dandali ba ya shiga rabon gado. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna, sannan Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Filayen birni shi ke bayarwa, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Tun daga nan takarda ta fi shaidar dattawa ƙarfi. Dandali kuwa galibi ba shi da takarda, don babu wanda ya taɓa tunanin abin da kowa ya san na jama'a ne yana bukatar rajista. A taswirar ofis sai ya fito fili ne da babu kowa a kai.

Yadda abin ke faruwa

Bayan an cire jihar Gombe daga Bauchi a 1996, Bauchi ta zama mai ƙananan hukumomi 20, Gombe 11. Hedikwatoci irin su Misau, Darazo, Dukku, Kumo da Bajoga sun ja ma'aikata da 'yan kasuwa, filin bakin titi ya yi daraja.

Ba kasafai ake sayar da dandali rana ɗaya ba. Mai shayi zai kafa teburi a gefe, mai cajin waya ya ajiye kwantena, ƙaramar hukuma ta fara yanka musu rasit saboda kuɗin shiga. Bayan 'yan shekaru rumfar kwano ta zama ginin bulo, abin da ya rage a tsakiya bai isa yara su buga ƙwallo ba. A sababbin unguwannin awon igiya kuwa, dillalai ba sa barin fili tun farko.

Abin da ya maye gurbinsa

Biki ya koma ɗakin taro na haya, kallon ƙwallo ya koma gidan kallo. Gaskiya ɗakin taro yana da amfaninsa, domin mata suna samun sutura, ruwan sama kuma ba ya watsa taro. Sai dai mai gadi na ƙofa yana duba katin gayyata, don haka almajiri da tsohuwar maƙwabciya da da can suke cin tuwon biki ba a kira su ba, yanzu a waje suke tsayawa. Mai ƙaramin ƙarfi yakan tare layi da kanofi da kujerun roba.

Filin Idi da ƙofar fada sun fi tsira, saboda suna da masu tsaya musu: limamai da masarauta. Filin wasan makarantun firamare ma kan tsira idan an riga an katange shi.