Waiwaye: Kafin Masarar TELA, Burodi Ne Ya Fara Koya Mana Shakka

Tun watan Janairun 2024 da aka amince manoma su fara shuka masarar TELA, wani sabon iri na GMO, a Najeriya, ƙurar muhawara kan abincin GMO ba ta lafa ba. Kwanaki a zauren WhatsApp na iyayen makarantar yarana, wata uwa ta turo hoton bayan ledar biskit, ta zagaye wasu lambobi masu farawa da harafin E, ta rubuta: "Don Allah 'yan uwa, wannan ne GMO ɗin?" Ba shi ba ne. Waɗannan lambobin sunayen sinadarai ne na ƙara launi da ɗanɗano da hana abinci lalacewa, GMO kuwa iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta tun kafin a shuka shi. Sai dai a zuciyar uwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su: abin da ɗanta zai ci, ita kuma ba ta san mene ne ba.

Tarihin da aka saba jerowa gajere ne. A 1994 aka fara sayar da tumatirin GMO a Amurka, waken soya da masara suka biyo baya a 1996. A 2002 Zambiya ta ƙi karɓar tallafin masarar GMO ana tsakiyar yunwa. Najeriya ta yi dokar sa ido kan wannan fasaha a 2015, ta amince da audugar GMO a 2018, sai waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya a 2019, wanda tsutsar maruka ba ta iya yi masa ɓarna sosai. A Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da irin GMO har a yi bincike.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne burodi.

A farkon shekarun 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta haramta sa sinadarin potassium bromate a burodi, bayan Ingila ta riga ta hana shi tun 1990. Farin gari ne, kaɗan ake barbaɗawa a kwaɓin fulawa. Aikinsa shi ne ƙarfafa kwaɓin ya riƙe iska, burodi ya tashi ɓul-ɓul, ya yi fari da laushi, buhu ɗaya ya ba da sunƙi masu cika ido. Idan ba a wuce ƙima ba kuma wuta ta gasa shi sosai, yawancinsa yakan rikiɗe ya zama wani abu mara lahani. Idan hannu ya yi nauyi, ko aka yi saurin fitar da burodin don a tsimi itace, sai saura ya zauna a ciki. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana haddasa ciwon daji a ƙoda, shi ya sa a 1999 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake zargi da iya cutar da ɗan'adam. Akwai madadinsa, sinadarin bitamin C, amma bromate ya fi arha kuma ya fi kumbura burodi.

A ganina a nan labarin burodi ya haɗu da na GMO. Karo na farko ke nan da talaka ya ji a rediyo cewa abin da yake tsoma wa yaro a shayi kullum safe na iya ɗauke da guba, gubar da ba ta da wari, ba ta da ɗaci, kuma ita ce ma ke sa burodin kyau. Nan da nan ledoji suka cika da rubutun "Bromate Free", wato babu bromate a ciki. Mutanen da ba su taɓa duba bayan kwali ba suka koyi neman kalmomin nan biyu. Daga baya masu bincike a jami'o'i suka riƙa sayen burodi a garuruwa suna aunawa, suna samun bromate a da yawa daga ciki. Leda dai ba ta rantsuwa; duk mai kuɗin buga ta zai rubuta abin da ya ga dama. Iyaye sun koyi karanta rubutu, sun kuma koyi daina yarda da shi, duk cikin 'yan shekaru.

Saboda haka idan masani ya fito yau ya ce an gwada TELA, tana jure fari da tsutsa, manomi zai rage feshi, yana magana ne da kunnen da ya taɓa jin "an gwada". Abin mamaki ma, man waken soya da sitacin masara da ke cikin kayan kwalin da ake shigowa da su sun daɗe suna shiga cikinmu, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 na waken soyan Amurka GMO ne. Ba a yi hayaniya a lokacin ba.

Ita kuwa uwar da ta turo hoton, ko ta haddace lambobin E gaba ɗaya, gobe za ta aiki yaro kasuwa ya auno tiya biyu ta masara da mudun wake. Mai awo zai zuba a baƙar leda, ya ɗaure bakin, babu rubutu ko ɗaya a jikinta.