Malam Aminu Kano, ɗan takarar PRP: ra'ayinshi kan ilimi, addini da rayuwar talaka

Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kuma ɗan siyasar Nijeriya, an haife shi cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta 1920, ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Shi ya jagoranci jam'iyyar NEPU zamanin Turawa da jamhuriya ta farko, daga baya ya kafa jam'iyyar PRP a 1978 ya tsaya mata takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai taɓa zama cikin jam'iyyar da ke da rinjaye a tarayya ba, kullum ƙarama ce tashi, amma har nan Maraɗi in ka zauna da tsofaffin da sunka yi fatauci ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano za ka ji sunanshi bakinsu kamar ɗan gari.

Asali da karatu

Gidan malamai ya fito, na zuri'ar Gyanawa, mahaifinshi Malam Yusufu masanin shari'a ne da ya yi aiki kotun alkali a Kano. Ya fara da allo, sannan boko a Kano, ya wuce kwalejin Kaduna ya fito malami a 1942. A Bauci ya fara koyarwa, nan ya haɗu da Sa'adu Zungur, malami marubucin waƙoƙi ɗan gwagwarmaya, sunka riƙa shirya taron tattaunawa inda ake tambayar hukuma abin da ba a saba tambayarta ba. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilimin koyarwa a Landan, da ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, anka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru cikin lardin Sakkwato. A 1950 ya aje aikin gwamnati ya shiga siyasa gaba ɗaya.

Jam'iyya da takara

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, taken ta sawaba, kuma Malam ya zama shugabanta a 1953. Sanarwar da jam'iyyar ta fitar tun farko ta faɗi ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e, wato hukumar sarakuna ƙarƙashin Turawa, da talakawa, kuma ba wanda zai 'yanta talaka in ba talakan da kanshi ba. Babbar abokiyar hamayya ita ce NPC ta Sardauna Ahmadu Bello wadda sarakuna ke bayanta, shi ya sa 'yan NEPU sunka sha ɗauri da bulala kotunan alkalai. Malam ya ci kujerar majalisar tarayya a 1959, ya rasa ta a 1964, zamanin Janar Yakubu Gowon kuma ya riƙe ma'aikatar sadarwa sannan ta lafiya.

Zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979 jam'iyyu 5 ne sunka shiga. Shehu Shagari na NPN ya yi nasara, Awolowo na UPN na biye, sai Azikiwe na NPP, Malam ya zo na huɗu da ƙuri'a sama da miliyan 1.7, wajen kashi 10 cikin 100 kenan, ya ɗan ɗara Waziri Ibrahim na GNPP. A sauran zaɓuɓɓukan shekarar, PRP mai alamar mabuɗi ta samu sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49, ta kuma ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Balarabe Musa.

Ilimi

Nan ne zuciyarshi take, don ko da ya bar aji bai bar koyarwa ba, taron siyasarshi ma darasi ne, zai tsaya ya yi ma mutane bayanin mi doka ta ce, ina kuɗin harajinsu ke zuwa, wane haƙƙi gare su gaban alkali. A ganinshi jahilci ba ƙaddara ba ce, abu ne da masu mulki ke amfana da shi, saboda mutumin da bai iya karanta takardar da anka rubuta kanshi ba to duk abin da anka ce mishi sai ya ɗauka. Zamanin Turawa boko a Arewa kaɗan ne ƙwarai kuma galibi ɗiyan sarakuna da na ma'aikatan En'e ake shiryawa don su gaji kujera, shi kuwa Malam so yake ɗan manomi da ɗan maƙeri su zauna benci guda da ɗan hakimi, kyauta, kuma manya da sunka wuce shekarun shiga aji a buɗe musu ajin yaƙi da jahilci.

Abin da ya fi burge ni cikin ra'ayinshi shi ne bai yarda a raba yaro biyu ba, a ce wanga na allo ne wancan na boko. Yana cikin waɗanda sunka fara tsarin Islamiyya a Kano cikin shekarun 1950, makarantar da ake koyar da Alkur'ani da Larabci da fiƙihu amma da aji da allon bango da jadawali da lissafi, yara maza da mata, ba sai an tura yaro wani gari da ƙoƙon bara ba. Mu nan Nijar mun san irin wanga tunani ta hanyar madarsa, ta farko ta gwamnati an buɗe ta a Sayi a 1957, kuma har yau iyaye da yawa cikin ƙauyukan Maraɗi sun fi sakin jiki da faranko-arab bisa lakwal zalla, don suna tsoron yaro ya samo Faransanci ya zubar da addini. Tsoron nan Malam ya gane shi sarai, bai raina masu shi ba, sai ya nemi makarantar da za ta cire shi.

Kan ilimin ɗiya mace bai taɓa sassautawa ba. Hujjarshi daga cikin gida ya ɗauko ta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar da matanshi da ɗiyanshi, Nana Asma'u ta zama malama mai rubutu da koyar da mata, to da wane dalili za a kulle yarinya ba karatu a ce addini ne.

Addini

Malam masanin Alkur'ani ne, yana tafsiri da azumi, mutane na cika wurin. Abokan hamayya sun sha jifarshi da cewa NEPU ta haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba, saboda ƙawancenta da jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, wasu har kafirta 'yan jam'iyyar sunka yi, amma shi ya tsaya kan cewa adalci shi ne ginshiƙin mulki a Musulunci, kuma sarkin da ke ƙwace gonar talaka ko ya sa shi aikin tilas ko ya karɓi gaisuwa kafin shari'a ya saɓa ma abin da masu jihadi sunka rubuta da hannunsu. Wato bai ce a kori addini daga siyasa ba, cewa ya yi a daina fakewa da shi ana zalunci. Ya soki yadda kotunan alkalai sunka koma sandar dukan 'yan adawa, amma shari'ar kanta bai ƙi ta ba, cikin majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978 yana cikin masu goyon bayan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya.

Ga ɗan Maraɗi akwai wani abin lura a nan. Garinmu sarakunan Katsina da jihadin ya kora ne sunka kafa shi, Gobirawa kuma sunka zauna Tsibiri, kakanninmu sun daɗe suna yaƙi da daular Sakkwato. Duk da haka maganar Malam na shiga kunnenmu ba wuya, don ba kirarin wata ƙabila ko gidan sarauta yake ba, ma'auni ya ɗauko ya aza ma duk mai rawani, na Fulani ne ko na Haɓe.

Mata, haraji da zaman jama'a

Matan kudancin Nijeriya sun fara jefa ƙuri'a tun cikin shekarun 1950, na Arewa kuwa sai 1976 a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓe na 1979. Tun NEPU na jaririya take neman a ba su wanga haƙƙi, lokacin da faɗin haka na iya jawo ma mutum jifa. Jam'iyyar na da reshen mata, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ita ce fitacciya cikinsu, an ɗaure ta sau da yawa ba ta daina ba, ta yi ta magana kan auren ƙananan yara da aikin tilas da hana mata karatu.

Sai haraji da jangali, wanda duk dattijon da ya ga zamanin lanho nan ƙasarmu ya san zafinshi, a bi mutum kai-kai ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, a ƙirga shanun Bafillace a karɓa, wanda ya kasa a wulaƙanta shi gaban iyalinshi. Gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna sun soke su da hawansu a 1979. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar ilimin manya, ta kuma mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a 1980. Shi kanshi Malam zaman talaka ya yi, farar riga da jar hula, gidanshi na Gwammaja ƙofa buɗe, bai tara dukiya ba duk da ya riƙe ma'aikatun tarayya har biyu, kuma wanga shi ya sa maganarshi ke da nauyi.

Alaƙa da Nijar

Jam'iyyar Djibo Bakary, ɗan siyasar Nijar, ita ma Sawaba ake kiranta, ita ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, anka haramta ta a 1959. Wasu 'ya'yanta da sunka tsallaka iyaka sun samu mafaka Kano wajen 'yan NEPU.

Ƙarshen tafiyar PRP ta farko

Jam'iyyar ta rabu biyu ba da daɗewa ba bayan zaɓe, 'yan taɓo na tare da Malam, 'yan santsi na tare da gwamnonin biyu, kuma majalisar Kaduna da NPN ke da rinjaye cikinta ta tsige Balarabe Musa a Yuni 1981. Malam ya rasu ana shirin zaɓen 1983, Hassan Yusuf ya tsaya ma PRP a madadinshi, jam'iyyar ta riƙe Kano da Sabo Bakin Zuwo, sai soja sunka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba 1983. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunanshi, gidanshi na Gwammaja da ake kira Mumbayya kuwa yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero.