Tarihin Naɗar Sauti, Daga Garmaho Zuwa Memori

Naɗar sauti ita ce dabarar kama murya ko kiɗa ko duk wani abu da kunne ke ji a ajiye shi a jikin wani abu, ta yadda daga baya za a sake jinsa ko da mai muryar ba ya wajen, kai ko da ƙasa ta rufe masa ido. Asalin abin ba wani siddabaru ba ne. Sauti girgiza ce da take tafiya a cikin iska, to duk na'urar da aka taɓa ƙerawa tun daga garmaho har wayar da ke hannunka aikinta ɗaya, ta rubuta wannan girgizar a wani waje sannan ta dawo da ita. Wajen rubutun ne kawai yake canzawa, da a jikin kaki, sai faifai, sai zaren kaset, yanzu kuma lambobi.

Farkon lamarin

Wanda ya fara kama sauti wani Bafaranshe ne, Édouard-Léon Scott de Martinville, a 1857. Na'urarsa tana da wani tsinke da yake zane a kan takardar da aka turara da baƙin hayaƙin fitila, sai dai shi ganin sautin kawai yake son yi da ido, bai ma yi tunanin a saurara ba. Sai a 2008 masana a Amurka suka ɗauko wani zanensa na 1860 suka sa kwamfuta ta karanta, aka ji muryar mutum yana rera waƙa bayan shekara 148.

Thomas Edison shi ne a 1877 ya haɗa wadda take ɗauka kuma ta maimaita. Mutum zai yi magana cikin wani abu kamar mazurari, allura tana tsaga layi a jikin siririyar takardar kuza da aka naɗe a wani ƙarfe mai siffar gwangwani, in aka mayar da allurar farko aka juya sai magana ta fito, a shaƙe dai amma ana ganewa. Su Alexander Graham Bell suka zo suka maye kuzar da kaki. Da irin waɗannan gwangwanayen kakin ne wani jami'in Turawan mulkin mallaka, Northcote Thomas, ya naɗi muryoyi da waƙoƙi a kudancin Najeriya tun daga 1909.

Garmaho da faifai

A 1887 Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya fito da faifai mai faɗi da na'urar da ya kira gramophone, wadda bakin Bahaushe ya mayar garmaho. Abin da ya sa faifai ya kayar da gwangwani kasuwa ce, domin daga uwa guda ɗaya za a iya buga dubbai kamar yadda ake buga hatimi. Shi kuma sunan faifai namu ne na gida, faifan kaba da ake rufe ƙwarya ko a yi fifita da shi, da aka ga abin baƙi zagayayye sai aka ɗora masa sunan, kuma ga shi har yau ana cewa faifan bidiyo alhali babu wani abu mai zagaye a cikin waya.

Faifan garmaho da ya yaɗu da wani ƙaro ake yinsa wanda wani ƙwaro ke fitarwa a ƙasar Indiya, ga nauyi ga saurin fashewa, yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe bai fi minti 3 zuwa 4 ba. Garmaho ba ta cin wuta ba ta cin batir, wani hannu ake murzawa a ɗaure mata ciki, in ƙarfin ya fara ƙarewa sai ka ji muryar mawaƙi tana ja tana yin kauri kamar mai jin barci, allurar ma ana yawan canza ta. Wannan minti ukun ƙaidi ne babba ga irin kiɗanmu, don makaɗin fada ko na noma in ya ɗauko waƙa ba ya kallon agogo, dole a datse ko a raba ta gida biyu.

A 1925 aka fara ɗauka da makirfo da lantarki, kafin nan sai dai mawaƙa su taru su yi ta ɗaga murya a bakin mazurari. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan roba mai dogon zango da ke ɗaukar sama da minti 20 a gefe ɗaya, RCA Victor ya biyo da ƙaramin mai juyi 45 a 1949. A Najeriya kamfanonin faifai irin su Decca da EMI da Philips a Legas suka yi sansani, shi ya sa mutanen Arewa da yawa ta rediyo suka fi sanin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo, tunda Kano ta samu rediyon da ake ja da waya zuwa lasifika tun 1944, gidan rediyon Kaduna kuma ya buɗe a 1962. Garmaho kayan masu hali ce.

Zamanin kaset

Naɗa da maganaɗisu ya daɗe, wani mutumin Denmak Valdemar Poulsen ya gwada shi a kan wayar ƙarfe tun 1898, Jamusawa kuma suka nuna rikoda mai zare ta kamfanin AEG a Balin a 1935, da irinta gidajen rediyo suka koma aiki bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan zamanin ne aka naɗi karatun Alƙur'ani cikakke na Sheikh Mahmud Khalil al-Husari a Masar a 1961. Amma wannan manyan faya-fayan zare ne na ma'aikata. Wanda ya shigo ɗakin talaka shi ne kaset, wanda injiniyan Philips Lou Ottens da mutanensa suka fitar a 1963, kuma kamfanin ya bar wasu su ƙera kyauta, shi ya sa ya cika duniya.

In ana maganar Kano to gaskiya a nan tarihin yake da nama. Faifai sai kamfani, amma kaset kowa ma kamfani ne, ka danna maɓalli biyu tare shi ke nan ka naɗa. Ya iso daidai lokacin kuɗin mai na shekarun 1970, rediyo mai kaset ta zama tsarabar alhazai da kayan ɗakin amarya, Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafi da sari inda ake jera rikodoji suna ta juya kaset ɗaya zuwa ɗaruruwa, 'yan kasuwa na ɗauka zuwa Nijar da Kamaru da Gana. Waƙoƙin Indiya, begen Annabi, kiɗan kalangu da na kukuma, wasan kwaikwayo, ga kuma uwa uba wa'azi da tafsiri, don karatun malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Nasiru Kabara da Malam Isa Waziri, daga baya Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, kaset ya kai shi ƙauyukan da ƙafarsu ba ta taka ba, har muhawara ake yi ta kaset, wannan ya yi nasa wancan ya mayar da martani. Wanda bai iya rubutu ba kuma sai ya zauna ya yi wa ɗan'uwansa da ke Makka ko kurmi sallama da gaisuwa da labarin gida kaf a kaset a ba matafiyi, wato saƙon murya na WhatsApp ba yau aka fara shi ba.

Kaset ɗin yana da nasa ilimin da yara suka haddace ba tare da makaranta ba. Akwai mai minti 60 akwai mai 90. In rediyo ta tauna zare sai a zaro a hankali a mayar da biro, in ya tsinke a liƙe da jan farce, in ba a so a goge abin da ke ciki a ɓalle ɗan kunnen da ke samansa, in kuma an canza shawara a cusa takarda a ramin. Ana juya shi da biro ne kuma don tattalin batir. Illarsa dai kwafi kan kwafi, duk wanda aka juya sai sautin ya ƙara dusashewa da wata shuuu a ƙasa, mawaƙi kuwa sau da yawa ko kwabo ba ya gani. 

Lambobi

Sidi ya fito a 1982, haɗin gwiwar Sony da Philips. A nan ba a zana girgizar, aunata ake yi sau 44,100 a kowace daƙiƙa a rubuta da lambobi, hasken leza ya karanta ba tare da allura ta taɓa ba, don haka kwafi na dubu daidai yake da na farko. A Kano bai yi ƙarfi ba sai wajen farkon shekarun 2000 da na'urorin Chana masu araha suka shigo tare da finafinan Hausa, kuma bai yi ƙarko irin na kaset ba, ƙura da ƙarzuwa kaɗan sai ya kama tsalle yana maimaita kalma ɗaya.

Abin da ya binne su duka MP3 ne, aikin masana na cibiyar Fraunhofer a Jamus irin su Karlheinz Brandenburg a farkon shekarun 1990. Dabarar ita ce a zubar da ɓangaren sautin da kunne dama ba ya kamawa, sai fayil ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. A Turai da Amurka ta intanet da iPod na 2001 abin ya yaɗu, a nan kuwa ta waya ne, wadda ita ma a 2001 layukanta suka fara aiki a Najeriya. Sai ga sabuwar sana'a ta masu turi, matashi da kwamfutarsa da lasifika a ƙarƙashin lema a kasuwar waya ta Farm Centre ko bakin titi, ka miƙa memori ka ce a zuba maka waƙoƙi ko karatu, daga nan kuma abokai su yi ta turawa juna ta Bluetooth. Masu shagon kaset da yawa nan suka koma ko suka bar harkar.

Yanzu an koma YouTube da Audiomack da Spotify, ko memorin ma ba dole ba ne in akwai data. Yawancin tsofaffin waƙoƙin Shata da Narambaɗa da ake ji a can daga kaset aka kwafo su, wasu ma kaset ɗin daga rediyo aka naɗe shi, shi ya sa wani lokaci za ka ji waƙa ta yanke a tsakiya ko muryar mai gabatarwa ta faɗo ciki. Zaren kaset kuwa ba ya son zafi da damshi, a kan lokaci yana manne wa juna, kuma samun rikoda mai lafiyar da za ta juya shi a Kano yau sai an sha yawo wajen tsofaffin masu gyaran rediyo.